Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magatakardan Jami'o'i Da Shugabannin Sassa: A Zauna Da Sabon Ɗalibi Kafin Ya Yi Rajistar Kwasa-kwasai

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma roƙon ku ara mini hankalinku na ɗan lokaci.

Makonni kaɗan da suka wuce na zauna gefen ƙanena yana rajistar kwasa-kwasansa na zangon farko a jami'a. Yaro ne mai ƙoƙari, ya ci jarabawar shiga da kyau, kuma ya fi ni iya kwamfuta nesa ba kusa ba. Amma da shafin rajistar ya buɗe, haruffa da lambobi suka jeru a gabansa, sai ya yi shiru. Can ya juyo ya ce, "Yaya, wanne zan danna?" Ban iya ba shi amsa ba, domin fanninmu ba ɗaya ba ne, kuma babu abin da ke shafin da zai nuna mana wane kwas ne na dole, wanne ne na zaɓi, wanne ne ma ba na sashensa ba sam. Abu biyu kawai aka rubuta da manyan baƙi a sama: ranar da za a rufe shafin, da gargaɗin tara ga wanda ya makara. Tambayar da ya yi mini ita ce wadda na yi a zuciyata shekarun baya, lokacin da na zo wannan matsayi, ban sami wanda zan yi wa ita ba. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kokena ɗaya ne. A ofisoshinku ana lissafa rajistar kwas cikin ayyukan takarda, sahu ɗaya da biyan kuɗin makaranta da ɗaukar hoton katin shaida. Alhali ita ce shawara ta farko da ɗalibi zai yanke game da karatunsa, kuma abin da ya danna a ranar nan zai bi shi har cikin takardar digirinsa. An miƙa wannan shawara ga mutumin da ya fi kowa rashin sanin wurin, a makon da ya fi kowane mako ruɗa shi, aka kuma ɗora masa wa'adi. Baƙo kuwa, ko da idonsa biyu, makaho ne.

Ku tuna daga inda yaron nan ya fito. A sakandare jadawali a manne yake samunsa, malami ne ke biyo shi har aji, darussan da zai yi an riga an yanke su. Bai taɓa jin kalmar yunit ba. Bai san cewa akwai kwas ɗin da ba a shigarsa sai an ci wani a gabansa ba. Bai san cewa lambar da ke bayan haruffan kwas tana faɗar shekarar da ake yinsa, a wasu jami'o'in ma har da zangon da ake yinsa ba. Ku kun saba da waɗannan abubuwa har kun daina ganinsu, kamar yadda mai gida ba ya ganin dokin ƙofarsa. Shi kuwa a kan dokin ƙofar yake tuntuɓe.

Tsarin nan da ya ba ɗalibi damar zaɓar kwas bai daɗe a duniya kamar yadda ake zato ba. Charles Eliot, wanda ya shugabanci Jami'ar Harvard ta Amurka daga 1869 zuwa 1909, shi ne ya shahara da buɗe ƙofar zaɓi, har ya kusan sakar wa ɗalibai linzami gaba ɗaya. Wanda ya gaje shi, Lawrence Lowell, da ya ga inda sakin linzamin ya kai, sai ya dawo da ƙa'ida: dole ɗalibi ya zurfafa a fanni guda, ya kuma ɗan taɓa wasu fannonin. Ke nan a gidan da abin ya shahara ma an gane tun farkon ƙarni na 20 cewa zaɓi yana bukatar jagora. Mu mun karɓi zaɓin da lissafin yunit da fom ɗin, amma jagoran sau da yawa a takarda kawai yake.

Ina so in daɗe kaɗan a kan yunit, domin a nan ne ɓarna ta fi yawa, kuma a nan ne bayani ya fi ƙaranci. Sabon ɗalibi yana ganin 2 ko 3 a gefen sunan kwas, ya ɗauka ado ne. Yunit kuwa awo ne na lokacin da kwas zai ci a rayuwarsa. A Amurka, yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya a aji da kimanin awa 2 na karatun kai a kowane mako, na tsawon mako 15 ko kusa da haka. A Turai, tsarin da ake kira ECTS ya sa shekarar karatu ta zama yunit 60, kowane yunit yana ɗaukar aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun gida da shirin jarabawa. A Najeriya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sa wa ɗalibi iyaka, kada ya gaza yunit 15 a zango, kada ya wuce 24. To a ɗauki lissafin awa 3 ga kowane yunit. Wanda ya ɗauki yunit 18 ya ɗaura wa kansa aikin awa 54 a mako. Wanda ya cika 24 ya ɗaura awa 72, a makon da duka-duka awa 168 ke cikinsa, har da barci da ibada da zirga-zirga. Na ga yara da yawa suna cika fom har baki saboda sun ɗauka yawan kwas alamar himma ce, ko kuma hanyar gamawa da wuri. Da wani ya yi musu wannan lissafin na minti biyu, da yawansu sun sassauta.

Bari in faɗa muku abin da ya same ni, ba don neman tausayi ba, sai don ku ga yadda ƙaramin rashin sani ke girma.

A zangona na farko na yi rajistar kwasa-kwasan sashenmu, yunit 18. Wata da ke gaba da ni ta ce in ƙara wani kwas na zaɓi daga wata tsangaya, wai ana cin sa cikin sauƙi. Na ƙara, yunit 3. Malamin da aka ce shi ne mai kula da ajinmu ya sa hannu a fom ɗina yana magana da wani, bai kalli jerin ba, domin bayana akwai layi har bakin matakala. Bayan mako biyu jadawalin lacca ya fito, sai ga kwas ɗin nan ya faɗo awa ɗaya da wani na dole a sashenmu. Na yi abin da hankalina ya ba ni: na ci gaba da zuwa na dolen, na daina zuwa ɗayan. A tunanina, wanda bai shiga aji ba, bai yi gwaji ba, bai zauna jarabawa ba, ai ya fita daga kwas ke nan. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa akwai fom na sauke kwas, kuma yana da wa'adinsa. Ranar da aka kafe sakamako na tarar da F a gaban sunana, a darasin da sau biyu kawai na taɓa ganin fuskar malaminsa.

Ga yadda lissafin yake a ma'aunin maki 5 da mafi yawan jami'o'in Najeriya ke amfani da shi, inda A ke da 5, B ke da 4, F kuma sifili. Ɗalibin da ya sami B a dukkan yunit 18 yana da maki 72. A raba da 18, matsakaicin makinsa, wato abin da ake kira GPA, ya zama 4.00. In aka ƙara masa kwas mai yunit 3 da F a kai, makin yana nan 72, amma yanzu da 21 za a raba, sai ya faɗo zuwa 3.43. Babban mataki na biyu na digiri yana farawa ne daga 3.50. Yaron da ya yi karatunsa tsakani da Allah ya sauko daga mataki guda zuwa na ƙasa, ba don ya kasa darasi ba, sai don bai san da wata takarda ba. Ni sai da na yi zango uku ina ƙoƙarin cike ramin nan. Kuma F ɗin tana nan a takardar sakamakona har yau, duk wanda ya karanta zai ɗauka na zauna jarabawa ne na faɗi.

Akwai kuma akasin wannan, wanda ya fi shi ciwo. Ɗalibi ya halarci lacca zango guda cur, ya yi aikin gida, ya zauna jarabawa, ya ci, sannan a ce masa ba shi da sakamako domin kwas ɗin ba ya cikin rajistarsa. Wani lokaci lamba ɗaya ce ta bambanta kwas ɗin sashensa da na maƙwabtan sashe, ya danna wancan. Wani kuma ya tsallake kwas na dole a shekarar farko bai sani ba, ba za a gano ba sai a shekarar ƙarshe, ranar da jami'in jarabawa ke tantance waɗanda za a yaye. Sai a ce ya dawo ya ƙara shekara saboda yunit 2. Takardun yaron nan sun bi ta hannun ma'aikata nawa a cikin shekara huɗu, kowa ya sa hannu, kowa ya buga hatimi? In sa hannun nan bai nufin an duba ba, me yake nufi?

Na san amsar da wasunku za su bayar, domin na sha jin ta: ɗalibin jami'a ba yaro ba ne, ya karanta littafin jagoran sashe. Ban ƙi ba. Ya kamata ya karanta, ya kamata ya yi tambaya, kuma akwai ɗalibai masu sakaci waɗanda ko an yi musu bayani sau goma ba za su saurara ba. Amma ina littafin? A wurare da yawa sai an gama rajista ake raba shi, ko kuma wanda ke hannu bugun shekarun baya ne. Da ɗalibi ya rasa littafi ya rasa malami, wurin na gaba da shi yake zuwa, ya ari tsohon fom ya kwafe. Wannan dabarar tana aiki ne kawai in manhaja ba ta sauya ba, manhaja kuwa tana sauyawa. A ƙarshen 2022 hukumar jami'o'in Najeriya ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. Bayan irin wannan sauyi, fom ɗin ɗan shekara ta uku ba zai yi wa ɗan shekarar farko daidai ba, haka ma fom ɗin abokinsa da ke karanta fanni ɗaya a wata jami'ar. Na gaba da shi yana ba shi shawara da zuciya ɗaya, amma taswirar da ke hannunsa ta tsufa.

Sai zancen jadawali, wanda har yau ban fahimci dalilinsa ba. Ta yaya za a ce mutum ya zaɓi kwasa-kwasai kafin ya san ranakun da za a yi su da awanninsu? Ana rufe rajista, sannan jadawalin wucin gadi ya fito, sannan a gyara shi sau biyu, sannan ɗalibi ya gano cewa ana bukatarsa a ɗaki biyu a awa ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sassa sun san kwasa-kwasan da za su koyar tun kafin a tafi hutu, sun san malamansu, sun san ɗakunansu. Ina roƙon a fitar da jadawali kafin a buɗe shafin rajista, ko da mako ɗaya ne.

Shafin rajistar kansa yana iya ɗauke rabin wahalar nan, in an so. Na'urar da ta san ko ɗalibi ya biya kuɗinsa, ta hana shi shiga in bai biya ba, ta san sashensa da shekararsa ma. Me zai hana ta jero masa kwasa-kwasansa na dole tun kafin ya taɓa komai, ta ware na zaɓi a gefe, ta rubuta cikakken sunan kowane kwas kusa da lambarsa? Me zai hana ta ƙi karɓar kwas biyu da suka ci karo a jadawali, ko kwas ɗin da ba a cika sharaɗinsa ba, ta kuma faɗa masa dalili da kalmomin da zai gane? Jami'o'i da dama a duniya sun daɗe suna yin haka, wasu ma ba sa buɗe wa sabon ɗalibi shafin sai mai ba shi shawara ya ɗage masa takunkumi bayan sun gana. Kuma a gwada shafin a kan ƙaramar waya mai raunin intanet, domin da ita mafi yawan yaran nan za su shiga. A gwada shi da manhajar da makafi ke amfani da ita wajen karanta allo, domin su ma ɗalibanku ne. In shafin ya tsaya cak a kwanakin ƙarshe saboda cunkoso, a ƙara wa'adi, kada a ci yara tarar makara a kan laifin da ba nasu ba.

Amma ko shafin ya kai yadda ake so, ba zai maye gurbin mutum ba. Na'ura ba za ta kalli fuskar yarinya ta gane cewa ba ta fahimci bayanin ba amma kunya ta hana ta faɗa. Ba za ta tambayi yaro ko yana wani aiki da yamma don ɗaukar nauyin kansa, ta ce masa to tsaya a yunit 16 bana. Wannan aikin mai ba da shawara ne, kuma a nan ina so in yi wa malamai adalci. Malamin da ya sa mini hannu bai duba ba, na daɗe ina jin haushinsa, daga baya na gane cewa ba a ba shi yadda zai yi ba. Mutum ɗaya, ɗaruruwan ɗalibai, ga laccarsa, ga takardun jarabawar bara da bai gama dubawa ba, ga bincikensa da ake auna ƙarin girmansa da shi. Aikin ba da shawara kuma ba a lissafa masa shi a ko'ina. An ɗora masa ne kawai saboda shi ne ƙarami a sashen. Shi kansa wataƙila ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa sabuwar manhajar. In kuna so sa hannu ya zama dubawa, ku raba yaran tsakanin malamai da yawa, ku rage wa mai wannan aiki wani nauyin, ku sa aikin cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Ku kuma horar da wasu zaɓaɓɓun ɗaliban shekarun sama a kan manhajar da ake kai yanzu, su zauna a sashe a makon rajista. Da ma wurinsu sababbin ke zuwa, gara su je su sami sahihin bayani.

Kada a manta da waɗanda suka zo a makare. Bikin wayar da kan sababbin ɗalibai kwana ɗaya ko biyu ne, a babban ɗakin taro, jawabi bayan jawabi, kuma yawanci zancen rajistar kwas ba ya samun minti goma. Wanda sunansa ya fito a jeri na biyu ko na uku na waɗanda aka ɗauka karatu ya rasa ko wannan ɗin. Haka wanda ya shigo kai tsaye shekara ta biyu da difloma, wanda ke bukatar a faɗa masa kwasa-kwasan shekarar farko da suka rage a kansa. Haka wanda ya sauya sashe. Fiye da kowa kuma, wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. Ƙanena yana da ni, ko ban san fanninsa ba na san irin tambayar da ya kamata a yi, na san ofishin da ake zuwa. Wanda ba shi da yaya ko kawu da ya bi ta nan fa? Shi ne zai fi kowa kuskure, kuma shi ne zai fi kowa shiru a kai, domin yana ganin kowa ya gane sai shi.

Abu na ƙarshe da nake roƙo shi ne sassauci a zangon farko. A sanar da kwanakin ƙara kwas da sauke shi da irin ƙarfin da ake sanar da ranar biyan kuɗi, a aika saƙo a wayar kowane ɗalibi ranar da aka buɗe da kuma kwana uku kafin a rufe, a rubuta ƙarara cewa daina zuwa aji ba ya cire sunan mutum daga kwas. A tsakiyar zango kowane malami ya gwada jerin waɗanda suka yi rajistar kwas ɗinsa da jerin waɗanda ke zuwa, a kira duk wanda sunansa ya fito a ɗaya bai fito a ɗayan ba. Wannan ɗan aikin kaɗai da ya cece ni, da ya ceci wanda ya zauna jarabawa babu rajista. Idan kuma kuskuren ya riga ya faru, aka tabbatar ɗan shekarar farko bai taɓa halartar kwas ɗin ba, majalisar jami'a ta ba shi damar gyara sau ɗaya, a rubuta cewa ya janye, kada a rubuta cewa ya faɗi. Wasu za su ce za a yi wasa da damar. Rajistar halarta da takardun gwaji suna nan, su za su raba mai gaskiya da mai neman mafaka.

Ban rubuto don in ci mutuncin kowa ba. Na san akwai magatakarda da shugabannin sassa da ke kwana a ofis a makon rajista, na kuma san akwai malaman da ke zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya ba tare da an sa su ba. Abin da nake nema shi ne kada sa'ar ɗalibi ta dogara ga faɗawa hannun irin waɗannan. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ƙanena ya gama rajistarsa a daren da za a rufe shafin, bayan mun kira mutum uku, biyu daga cikinsu suka ba mu amsoshi masu karo da juna. Jadawalinsu ya fito a makon jiya. Kwas ɗinsa na zaɓi ya faɗo ranar Talata da safe, awa ɗaya da aikin ɗakin gwaje-gwaje na dole. Na gaya masa kada ya kuskura ya daina zuwa kawai, ya nemi fom ɗin saukewa. Ya je ofishin mai kula da ajinsu sau biyu ya tarar da shi a rufe. Gobe zai sake komawa, kuma har yanzu ba a sanar da su ranar da wa'adin zai ƙare ba.

Allah ya taimake ku a kan amanar da ke hannunku.

Taku cikin girmamawa,
Tsohuwar ɗaliba, kuma yayar wani sabon ɗalibi